Woolsthorpe: Gidan Manomi Mai Sunan Sarauta

Duk wanda ya ce maka za shi Woolsthorpe, to itacen tuffa za shi gani. Can ne, a wani ƙauyen Ingila, gidan da aka haifi masanin kimiyya Isaac Newton, can ne kuma itacen da ake cewa ɗansa ya faɗo a gabansa har ya shiga tunanin abin da ke janyo komai ƙasa. Ni kuwa bango ne ya kai ni. A gidan magina na tashi, tun ban san dama da hagu ba nake miƙa tubali, don haka duk inda na shiga idona kan gini yake fara sauka kafin ya sauka kan mai gida. Da ƙanena da ke karatu a Nottingham ya ce in zaɓi wuri guda da zai raka ni kafin in koma gida, sai na ambata masa nan. Ya kwashe da dariya. "Haba Yaya, kowa na zuwa Ingila ya ga fadar Buckingham, kai kuma sai gidan ƙauye?" Na ce masa fada ba ta gaya maka yadda mutanen gari suke gini.

Daga tashar King's Cross ta Landan jirgin ƙasa ya sauke ni Grantham cikin awa ɗaya da 'yan mintoci, na tarar da shi yana jirana. Grantham garin kasuwa ne a gundumar Lincolnshire, kuma da mutum biyu yake tinƙaho: Margaret Thatcher, tsohuwar Firayim Ministar Birtaniya, wadda aka haifa a saman kantin mahaifinta, da Newton, wanda ya yi makaranta a nan, gunkinsa na tagulla kuma yana tsaye a tsakiyar gari tun 1858. Ba mu ɓata lokaci ba, muka tari tasi muka yi kudu. Tafiyar ba ta fi mil 8 ba.

Muna barin gari sai launin gidaje ya sauya. Jan bulo ya yi baya, dutse mai ruwan ƙasa-ƙasa da haske ya karɓe ko'ina: gidaje, coci, katangar gona, har da garejin mota. Dalili kuwa yana ƙarƙashin ƙafa. Akwai wata jijiyar dutsen farar ƙasa da ta ratsa Ingila a karkace, ta taso daga Dorset a kudu maso yamma, ta bi ta Cotswolds da Northamptonshire, ta shigo Lincolnshire ta haura Yorkshire. Duk ƙauyen da ya zauna a kanta, da ita ya yi gini, domin kafin zuwan jirgin ƙasa kuɗin ɗaukar dutse a keken doki yakan fi kuɗin dutsen kansa. Inda jijiyar ba ta kai ba kuwa, labari ya sha bamban. A gabashin wannan gunduma talakawa da laka suka riƙa gini: su kafa siraran itatuwa, su yaɓe da ƙasar da aka kwaɓa da ciyawa, su ɗora jinka. Har yau akwai sauran irin waɗannan gidaje a ƙauyuka kamar Thimbleby. Ƙanena bai yarda Turawa sun taɓa zama a ɗakin laka ba sai da ya duba wayarsa.

Ƙauyen Woolsthorpe yana manne da Colsterworth, a wani ɗan kwari kusa da kogin Witham, wanda a nan bai wuce rafi ba. Babbar hanyar A1 da ta haɗa Landan da Edinburgh tana wucewa kusa, in ka kasa kunne kana jin gurnanin manyan motoci. Muka sauka, muka sayi tikiti, muka ratsa ta tsakanin rumbuna da garken dabbobi, sai ga gidan.

Ƙarami ne. Wanda ya ji ana kiransa Woolsthorpe Manor zai zaci zai tarar da ƙofar ƙarfe da doguwar hanya da ɗakuna hamsin. Abin da ke tsaye a wurin bene ne hawa ɗaya, da 'yan ɗakuna a ƙarƙashin rufi, da wani ɓangare da ya fito ta baya har fasalin ginin ya zama kamar harafin T. Ba ginshiƙai, ba baranda, ba ado. Ƙofar shiga ma ba a tsakiyar fuskar gidan take daidai ba, tagogin kuma ba su yi layi irin na mai zane da ma'auni ba. Kowace taga tana inda ɗakin da ke bayanta yake bukatar haske. Daga ciki aka tsara gidan nan zuwa waje, kuma wannan shi ne abu na farko da ya sa na so shi.

Sarautar da ke cikin sunan ba ta girman gini ba ce, ta iko ce. Tun kafin Normawa, mutanen arewacin Faransa, su ci Ingila a 1066 aka yanka karkarar ƙasar gunduma-gunduma, kowace da ubangidanta, wanda manoma ke riƙe gonaki a ƙarƙashinsa, suna biyansa haya ko aiki, shi kuma yana da ikon zaman 'yar kotu ta sha'anin gona da shinge da ɓarnar dabbobi. Gidan da ubangidan yake zaune shi ke ɗaukar sunan, ko da kuwa bai fi na maƙwabcinsa ba. Wannan iko ana sayar da shi kamar yadda ake sayar da gona. A 1623 Robert Newton, kakan Isaac, ya saya. Mutanen gidan manoma ne masu ƙasar kansu, ba 'ya'yan sarauta ba, kuma gashin tumaki ne ya ɗaga su. Lokacin da mahaifin Isaac ya rasu a Oktoba 1642, wata uku kafin a haifi ɗan, an ƙirga abin da ya bari: tumaki 234, shanu 46, ga hatsi a rumbu, dukiyar da ta haura fam 459. A ƙauye a wancan zamani, wannan mai arziki ne. Amma mutumin bai iya rubuta sunansa ba, alama yake dangwalawa a takarda. In ka riƙe waɗannan abubuwa biyu a ranka, tumaki 234 da rashin iya sa hannu, ka fahimci bangon da kake kallo. Akwai kuɗin yin gini mai ƙarko, babu sha'awar burge baƙo daga birni.

Na matsa kusa na dafa bangon. Ƙananan duwatsu ne da ba a sassaƙe su sosai ba, an dai daidaita su da guduma, an jera su sahu-sahu, wani sahun ya fi wani kauri gwargwadon yadda dutsen ya fito daga rami. Amma a kusurwoyi sai magini ya canza hannu. Nan ya sa manyan duwatsu sassaƙaƙƙu masu santsi, ɗaya ya miƙe ta wannan fuska, na samansa ya miƙe ta waccan, suna cizon juna har sama. Haka ya yi a bakin ƙofa da kewayen tagogi. Duk magini ya san dalili: daga kusurwa bango yake fara buɗewa, nan ne kuma ya cancanci a kashe kuɗi. Sauran jikin bangon kuwa ko wane dutse ya samu ya yi.

Abin da ke tsakanin duwatsun ba siminti ba ne, kwaɓin farar ƙasa ne da yashi. Dutsen nan dai da aka yi ginin da shi, shi ake ƙonawa a tanderu ya zama farar ƙasa, wato bango da abin da ya ɗaure shi uwarsu ɗaya. Kwaɓin yana da laushi, in ka goga farce sai ka ga ɗan gari. Ƙanena ya ce ai wannan rauni ne. Na ce masa a'a, da gangan ne. Ƙasar nan ruwa ba ya ɗauke mata, bango kullum yana shan laima, dole kuma laimar ta sami hanyar fita. Kwaɓi mai laushi yana barinta ta fita ta layin haɗi, in ya zaizaye bayan shekaru a sake cikewa. Siminti kuwa ya fi dutsen tauri, sai ya tare ruwan a ciki, sanyi ya zo ya daskarar da shi, fuskar dutsen ta riƙa ɓarewa. Turawa da kansu sun ɓata tsofaffin gidaje da yawa da siminti a ƙarni na 20 kafin su dawo daga rakiyarsa. Yanzu a gini irin wannan, da ke cikin rukuni na ɗaya na gine-ginen da doka ta kare, ko taga ba ka canzawa sai da izinin hukuma.

Tagogin nan su ma abin tsayawa ne. Kowace an raba ta gida biyu ko uku da siraran sanduna na dutse a tsaye, a tsakaninsu kuma ƙananan gilasai da aka haɗa da dalma. Ba ado ne ya kawo haka ba. Masu hura gilashi na lokacin ba sa iya fitar da babban falle mai araha, sai ƙanana, shi ya sa ake ɗinke su da dalma. Dutse kuma, duk ƙarfinsa wajen ɗaukar nauyi daga sama, ba ya jure a shimfiɗa shi a kan faɗi mai yawa, sai ya karye ta tsakiya. Sandunan nan su ke tallafe dutsen da ke saman taga.

Amma inda na fi daɗewa, har wuyana ya ƙage, shi ne rufi. Da dutse aka rufe gidan. Ba kwano ba, ba tayil na ƙasa ba, fallayen dutse ne irin na Collyweston, wani ƙauye kusa da Stamford da bai kai mil 20 daga nan ba. Yadda ake samun fallayen ya fi komai ba ni mamaki, domin ba zarto ke yanka su ba, sanyi ne. Ana shiga rami a ƙarƙashin ƙasa a fasa manyan guntaye, a fito da su da hunturu suna jiƙe da ruwansu na asali, a baje a fili. Daga nan sai a yi ta zuba musu ruwa kada su bushe, don in dutsen ya bushe sau ɗaya ya tashi daga aiki, ba zai ƙara tsagewa ba. Sai a zauna jiran daren da sanyi zai kai ruwa ya daskare. Ruwan da ya shige cikin siraran jijiyoyin dutsen in ya zama ƙanƙara sai ya kumbura, ya buɗe su. Da safe ma'aikaci ya zo da 'yar guduma ya ɗan bubbuga gefe, dutsen ya rabu falle-falle. Shekarar da hunturu ya yi sauƙi, masu wannan sana'a sun shiga uku. Sana'ar ta kusa mutuwa a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, sai 'yan shekarun nan aka farfaɗo da ita, kuma da yake sanyin Ingila ya daina zama abin dogaro, yanzu a manyan firji ake daskarar da dutsen.

Fallayen ba sa fitowa girma ɗaya, kuma ba a zubar da ko ɗaya. Mai rufi yakan tantance su, ya sa manya a sahun ƙasa wajen bakin rufi inda ruwa ya fi taruwa, sahu na gaba ya ɗan rage, haka haka har ƙanana su ƙare a ƙololuwa. Kowane falle an huda shi an rataye a jikin katako. In ka tsaya a ƙasa ka ɗaga kai, raguwar nan tana yaudarar ido, rufin ya yi kamar ya fi tsawonsa. Nauyinsa ba na wasa ba ne, shi ya sa ake miƙar da shi tsaye sosai don ruwa ya gangare da sauri, kuma shi ya sa bangon da ke ɗauke da shi ya yi kauri haka. A ƙarshen rufin ta kowane gefe bangon ya ɗan haura sama, an ɗora masa hular dutse don kada iska ta sami bakin da za ta ɗaga fallayen, bututun hayaƙi kuma ya tashi daga nan. Gansakuka ta bi ta zauna a kan duwatsun. Ni dai ban taɓa ganin rufin da ya kai wannan kyau ba, kuma ba wanda ya zauna ya zana shi.

Abu guda ne a fuskar gidan da ya yi kama da baƙo: wani allon dutse a saman ƙofa mai ɗauke da tambarin ƙasusuwan ƙwauri biyu a gicciye, da rubutun da ke cewa a nan aka haifi Sir Isaac Newton. Tambarin da ya ɗauka ne bayan Sarauniya Anne ta ba shi sarautar Sir a 1705, waɗanda suka mallaki gidan bayan rasuwarsa ne kuma suka liƙa allon. Kakansa da ya sayi wurin bai san da shi ba.

Muka sunkuya muka shiga. Wata dattijuwa cikin masu aikin sa kai ta tarbe mu, ta ce mu kula da kanmu da kuma ƙafafunmu, ƙofofin gajeru ne, ƙasan kuma ba daidai take ba. Tsarin hawan ƙasa mai sauƙi ne: babban ɗaki a tsakiya inda ake cin abinci da karɓar baƙi, ɗakin girki a gefe guda, ɗakin hutawar masu gida a ɗaya gefen, matakala a ɓangaren baya. A idon yau ba wani abu ba ne. A farkon ƙarni na 17 kuwa sabon yayi ne. Shekara ɗari kafin nan, manomin Ingila a ɗaki guda dogo yake zaune, buɗe har rufi, wuta a tsakiyar ƙasa, hayaƙi yana neman hanyarsa ta saman jinka. Tsakanin wajen 1570 da 1640 farashin hatsi da ulu ya tashi, manoma masu ƙasar kansu suka sami rara, sai suka shiga rushe tsofaffin gidaje ko gyara su. Masanin tarihi W. G. Hoskins shi ya fara jawo hankali ga wannan guguwar gini a 1953. Abin da ya canza komai shi ne bututun hayaƙi. Da zarar ka mayar da wuta jikin bango ka yi wa hayaƙi hanya, ba ka bukatar ɗaki buɗe har sama. Sai ka shimfiɗa bene, ka sami ɗakunan kwana, mai gida ya rabu da barorinsa. Gidan nan ɗan wannan zamani ne sak.

Murhun ɗakin girkin ya isa mutum ya shiga ciki ya zauna. Wani ƙaton katako ne ya gitta samansa yana ɗauke da bangon bututun, ga ƙugiyoyin rataye tukunya, ga wurin zama a lungu inda ɗumi yake. Na leƙa ciki na ɗaga kai, duhu da ƙaurin tsohon hayaƙi. Gwamnati ma ta lura cewa murhu alamar wadata ce: daga 1662 zuwa 1689 kowane murhu sule biyu ake biya masa a shekara, jami'in haraji kuma yana da ikon shiga gida ya ƙirga. Mutane suka tsani abin har aka soke shi. Sai a 1696 aka kawo harajin taga, wanda ake ƙirgawa daga waje ba sai an shiga ɗakin kowa ba, ya kuma zauna har 1851. Shi ya sa a tsofaffin gidajen ƙauyukan nan kake ganin wurin taga da kewayenta cif, amma an toshe ta da dutse. Wani abin dariya, an ƙirƙiro harajin ne don cike giɓin sake buga tsabar kuɗin ƙasar, waɗanda ɓarayi suka yi ta yanke wa gefe, kuma a wannan shekarar ce ta 1696 aka naɗa Newton mai kula da gidan buga kuɗi na Landan.

Da muka hau sama, ƙafata ce ta fara ba ni labari kafin idona. Na zaci katako zan taka, sai na ji abu mai tauri da sanyi da santsi, ruwan toka, ya ɗan lotsa nan ya ɗan tashi can. Dattijuwar ta ce baƙi da yawa suna zaton kankare ne aka zuba daga baya, alhali yana cikin tsofaffin abubuwan gidan. A wannan yanki na tsakiyar Ingila haka ake yin ƙasan bene: a jera katakai, a shimfiɗa karan fadama a kansu, a kwaɓa tokar da ta rage a gindin tanderun farar ƙasa a zuba, a daddaɓe, a goge har ya yi sheƙi. Na durƙusa na shafa, na ce wa ƙanena, "Kai, wannan ai daɓe ne." Azara a ƙasa, zana ko kara a kai, ƙasa a sama, a bi da madaɓi: abin da kakanmu ya yi a soron gidanmu ke nan, sai dai shi da makuba ya gama nasa. Ba wanda ya koya daga wani. Katako ne ya yi tsada a wuraren biyu, kara kuma yana nan kyauta. Irin wannan daɓe ba ya cin wuta da sauri, yana kuma tare iska daga ƙasa, amma ba ya son nauyi da girgiza, shi ya sa ake taƙaita yawan masu hawa a lokaci guda.

A ɗaya daga ɗakunan saman nan aka haifi Newton ranar 25 ga Disamba 1642 a tsohuwar kalandar Ingila, bakwaini, ƙanƙane har ba a sa ran zai kwana ba. Akwai allon farin dutse a bangon ɗakin da aka sa lokacin wani gyara a 1798. Yana ɗan shekara uku mahaifiyarsa Hannah ta auri Barnabas Smith, limamin cocin North Witham, ta tare can ta bar shi a nan wajen kakarsa. Sai da mijin ya rasu a 1653 ta dawo, da 'ya'ya uku.

Ɗakin da ake dangantawa da Newton kuwa, nan ne ya zauna lokacin da annoba ta sa aka rufe jami'ar Cambridge a 1665, ya yi yawancin shekara biyu a gida yana aikin lissafi da haske da tafiyar wata. Masu kula da gidan sun rufe taga da katako sun bar 'yar huda, sun ajiye gilashi mai kusurwa uku a gabanta. In rana ta leƙo, sai launukan bakan gizo su bazu a bangon da ke fuskantarta. Mun yi ta jira gajimare ya matsa kafin mu gani, ya kuwa nuna na ɗan lokaci ya ɓace. Abin da na lura da shi shi ne ɗakin kansa kayan aiki ne. Ƙaramar taga a bango mai kauri tana da sauƙin toshewa, farin bango kuma allo ne. A gidan zamani mai gilashi ko'ina sai ka sha wahala kafin ka sami duhun da ake bukata.

Farar ƙasa tana da wani hali kuma: tana karɓar zane. A bangwayen gidan akwai 'yan zane-zane da aka karta da tsinin ƙarfe, da'irori da layuka da siffofi, wasu an rufe su da gilashi. A 2017 wani mai bincike daga jami'ar Nottingham Trent ya haska bango da wata dabarar ɗaukar hoto, ya gano zanen injin niƙa mai aiki da iska kusa da murhu, wanda ido bai iya gani. An san Newton yana yaro ya cika bangon ɗakin da ya sauka a Grantham da zanen gawayi, an kuma san ya ƙera ɗan ƙaramin injin iska bayan ya ga ana gina babba a bayan gari. To amma yara nawa ne suka tashi a gidan nan cikin shekara 300? Da'irori irin waɗannan kuma ana samunsu a tsofaffin gidajen Ingila da yawa, kusa da ƙofa da murhu, inda mutanen da suke karta su don tsarin mayu. Dattijuwar ba ta ce nasa ne ba, ta ce mai yiwuwa ne, na kuwa ji daɗin hakan.

Muka sauko muka zagaya ta farfajiyar gona. Rumbunan da garken dutse ne su ma, wasunsu an gina su bayan zamanin Newton, ɗaya an mayar da shi wurin da yara ke wasa da gwaje-gwajen kimiyya. A nan ne aka so Newton ya ƙare rayuwarsa yana noma. Yana wajen shekara 17 mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta don ya karɓi gona. Takardun kotun Colsterworth na Oktoba 1659 sun nuna yadda abin ya kaya: an ci shi tarar sule uku da kwabo huɗu saboda tumakinsa sun yi ɓarna, sule ɗaya saboda aladunsa sun shiga gonar hatsi, wani sulen kuma saboda ya bar shingensa ya lalace. Magajin ubangidan ƙasa ke nan, ana cin sa tara kan shinge. Kawunsa da shugaban makarantarsa suka sa baki aka mayar da shi aji, a 1661 ya tafi Cambridge.

Itacen tuffar yana gaban gidan, an kewaye shi da ɗan gajeren shinge na saƙa. Guguwa ta kayar da shi wajen 1820, ya sake yin saiwa daga inda ya kwanta, shi ya sa gindinsa ya karkace. Nan ne jama'a suka taru suna hoto. Ƙanena ya shiga layi, ni na koma wajen rufi.

Tambayar da ta riƙa cin raina ita ce yadda gidan ya kai yau bai canza kama ba, alhali irinsa dubbai an rushe su ko an yi musu sabuwar fuska. Amsar ba ta da daɗin ji: ba wanda ya damu da shi har ya kashe masa kuɗi mai yawa. Newton ya gaji gidan da mahaifiyarsa ta rasu a 1679, amma zamansa na Cambridge ne da Landan, haya kawai yake karɓa. Ya rasu a 1727 bai yi aure ba, gidan ya faɗa hannun wani ɗan uwa da bai riƙe shi ba, a 1733 ya koma mallakar iyalin Turnor na Stoke Rochford. Su kuwa suna da inda suke zuba dukiyarsu, a shekarun 1840 ma suka gina wa kansu ƙaton gida a can. Woolsthorpe suka bar wa manoma 'yan haya, iyalin Woolerton, waɗanda suka yi wajen shekara 200 suna noma a nan. Ɗan haya ba ya rushe bango ya faɗaɗa taga, ba ya fasa daɓe ya sa katako. In rufi ya yi yoyo ya toshe, shi ke nan. Wani hanin ga Allah baiwa ne. Wanda yake son ganin abin da kuɗi ke yi da dutsen nan guda, ya je Belton House a arewacin Grantham, da aka gina a shekarun 1680, komai a ma'auni, tagogi a jere kamar sojoji. Yana da kyau, amma mai zanensa ka gani, ba mazauninsa ba.

Sai da aka cika shekara 300 da haihuwar Newton, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, ƙungiyar masana ta Royal Society da gidauniyar Pilgrim Trust suka haɗa hannu aka sayi gidan, a 1943 aka miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke riƙe da shi har yau.

Kafin mu nemi motar komawa muka taka zuwa Colsterworth, tafiyar da ba ta kai mil ɗaya ba, muka haye Witham ta wata 'yar gada. A cocin garin aka yi wa Newton baftisma, a nan kuma aka binne mahaifiyarsa. Dalilin zuwana wani guntun bangon Woolsthorpe ne. Yana yaro ya sassaƙa agogon rana a jikin duwatsun gidan, layuka da ke nuna lokaci da inuwa. Daga baya aka ciro duwatsun daga bango: ɗaya aka kai wa Royal Society a Landan a 1844, ɗayan aka kawo cocin nan aka gina shi a jikin bango ta ciki, a lungu bayan kayan kiɗa, inda rana ba ta kaiwa. Sai da ƙanena ya kunna fitilar wayarsa muka ga layukan. Hannun yaron bai yi rawa ba, sassaƙar ta fita tsaf. Na ce da a gidanmu ya tashi, da Baba bai bar shi ya tafi Cambridge ba.